Kwamin Iyon Hajiya Dije

Ku matso, mai latsa waya ya ajiye ta, don abin nan da idona na gan shi.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, rijiyoyin unguwarmu suka ƙafe, famfo sai iska. Hukuma ta hana cika kwamin iyo a gidaje. Mutum ɗaya ce dokar ta tarar da nata cike, Hajiya Dije, wadda mijinta ya gina shi don jikoki kafin ya rasu. Sai ga ta ta wangale ƙofa ta ce, "Gida talatin ne mu. In ruwan nan ya kai mu damina mun zauna, in ya ƙare sai ƙaura." Ga shi kuwa kullum yana raguwa fiye da abin da ake ɗiba.

Tanimu marini ya zo da ɗan shuni a ƙoƙo. Ya hana kowa motsi, ya ɗiga a ruwan. Wallahi muna tsaye baki buɗe, shunin ya miƙe kamar zare, ya ratsa kwamin, ya shige wata tsaga da ido ba ya gani. Ikon Allah! Tanimu ya nutsa har sau tara, ya toshe ta da laso yadda suke liƙe ramin rini. Yoyo ya tsaya.

Amma ruwa bai fasa sauka ba. Jatau mai saƙar zana ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, rana ce ke ɗiba." Babu ciyawa a daji, sai ya kwance dangar gidansa kakaf, ya bar iyalinsa a fili, ya gicciya gora ya rufe kwamin ruf, ban da wata 'yar kafa ta zura guga.

Mako uku, ruwan ya zama kore, yana wari, yara suka kama gudawa. Har wasu sun fara ɗaure kaya. Nan Iya Lantana ta sauko da turminta, tsohuwar da ko miƙewa sai an kama ta. Ta daka 'ya'yan zogale, tana barbaɗawa guga-guga. Kan ka ce me, dauɗa ta kwanta a ƙasa, ruwa ya fito garau, a tace a tafasa. Haka ta yi ta daka har tafin hannunta ya fashe.

Kwana hamsin da ɗaya aka yi. Ranar da hadari ya haɗo, ruwan kwamin bai wuce idon sawu ba, kuma ko gida ɗaya bai tashi ba.

Hajiya Dije ta tara su ukun, tana hawaye ta ce, "Kujerar Makka ɗaya gare ni, na kuwa yi niyyar bai wa wanda ya tsayar da unguwar nan."

To, kada wanda ya ce mini a raba, kujera ba ta rabuwa. Tsakanin Tanimu da Jatau da Iya Lantana, wa za a kai filin jirgi?