Mai Cin Abinci a Bayan Ƙyaure

Ya 'yan uwa, a shekarun da ruwan Bakolori ya fara gangarowa ta magudanai yana shiga gonaki, an yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Bakura. Ba sai an faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya da jikoki. Manomi ne ƙaƙƙarfa, irin wanda zai wuni tsaye cikin laka bai ce ya gaji ba. Ya samu filin noman rani, Allah ya sa masa albarka. Shinkafa ta yi, albasa ta yi, har motoci suna zuwa bakin gona su ɗauka.

A unguwarsu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Jatau, wan wannan mutum, a baje tabarma a ci tare. Wani gida tuwon gero da miyar kuka, wani dambu da zogale, wani wake, wani kwaɗon rama. Kowa ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, a kora da fura da nono, a tashi jiki sakayau.

Da wadata ta zo, sai mutumin ya fara duban tabarmar nan da wani ido. Kwanonsa akwai nama, na sauran ganye ne. Don me zai kawo nama a cinye masa, shi ya koma cin ganye kamar akuya? Ya fara fakewa da gajiya, daga baya ya daina fitowa gaba ɗaya. Ya ce wa matarsa Taiba ta riƙa kai masa abinci ɗaki, ta ja masa ƙyaure.

Me yake ci a bayan ƙyauren nan? Da safe shayi, sukari har sai cokali ya yi nauyi, da madarar gwangwani da burodi. Da rana farar shinkafa, mai yana kwance a kanta. Da dare ma haka, da kitse, da lemon kwalba a madadin ruwa. Alayyafo da karas da ake nomawa a gefen gonarsa kuwa, ya ce na kasuwa ne. Ya yi teɓa, wuya ya cika, mutane suna ce masa hutu ya karɓe shi, shi kuma yana jin daɗin maganar.

Sai ƙishirwa ta kama shi, wadda ba ta jin ruwa. Fitsari ya yawaita, teɓar ta fara zubewa. Taiba ce ta lura kiyashi suna taruwa a inda yake kama ruwa, ta matsa masa har ya je asibiti a Talata Mafara. Likita ya auna shi ya ce ciwon suga ne, ya ba shi magani, ya ce ana daɗewa da shi lafiya lau in an kiyaye. Ya ce masa ya rage zaƙi da farar shinkafa, ya koma ga gero da wake da ganye. Kuma kada ya ƙara shiga gona ba takalmi, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, kuma rauni ba ya saurin warkewa.

Ya 'yan uwa, ciwo ba zunubi ba ne. Bayin Allah nagari da yawa suna ɗauke da wannan ciwo ba tare da sun yi komai ba. Zunubin mutumin nan shi ne an faɗa masa gaskiya ƙarara, amma girman kai ya hana shi karɓa. Ya zai koma cin abin da ya raina a idon jama'a? Ya hana Taiba faɗa wa kowa. In ta kawo masa dambu, sai ya ture ya ce ta ɗauke. Har maganin ma da lemo yake haɗiye shi.

Ranar wani ban ruwa ya tuɓe takalmi ya shiga gona, kamar yadda kowane manomin shinkafa yake yi. Wani tsinke ya shige masa tafin ƙafa, bai ji ba. Sai da Taiba ta ga jini a buzun sallarsa sannan ya duba. Ta roƙe shi ya koma asibiti, ya ƙi, don in ya koma asirinsa zai tonu. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya sa sau-ciki ya rufe, ya ci gaba da harkokinsa.

Da wari ya fara fita daga ɗakin, Taiba ta karya umarninsa ta kira Jatau. Jatau ya kwance tsumman da hannunsa, ya ga yatsu sun yi baƙi. Sai ya ce, "Ƙanena, da kana hitowa muna ci tare, ai da mun ga kana ramewa. Ka ɓoye mamu tuwonka, ka ɓoye mamu ciwonka."

Aka kai shi babban asibiti. Likitoci suka ce an makara, in ba a yanke ba rai za a rasa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Jatau ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya kawo gida, aka haƙa ɗan rami a maƙabarta aka rufe.

Da aka sallamo shi, ƙafar ya fara tambayar Jatau. Ya ce, "Yaya, ina kunka sa ta?"

Jatau ya ce, "Kusa ga Baba."

Mutumin ya yi kuka irin wanda ba a taɓa gani ya yi ba. Ya ce, "Ita ta ɗauke ni tun ina yaro, ba ta taɓa gaza mani ba. Ni na kai ta kabari da bakina." Gonar nan bai ƙara taka ta ba. Wasu suka riƙa nomawa, shi yana zaune a zaure yana jin labarin yadda shinkafa ta yi.

To, ya 'yan uwa, jikin nan ba namu ba ne, amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Abin da hannu yake kaiwa baki yau, shi ne jinin da zai zagaya jiki gobe. Kada wadata ta sa ka raina geron da ya raine ka. Kada rowa ta raba ka da 'yan uwan da za su ga abin da kai ba ka gani a jikinka. In masani ya ce ka bari, ka bari, ko da rai yana so. Wa zai so a yi masa ta'aziyyar gaɓarsa yana zaune yana amsawa?

Ya Allah, ka ba mu halal, ka ba mu ikon tsayawa inda ya kamata mu tsaya. Ka bar mu da gaɓoɓinmu har ranar da za a ɗauke mu gaba ɗaya. Allah ya kiyaye mu, amin.