Ragon da Iliyasu Ya Saya wa Manaja

An yi wani akawu, Iliyasu, a wani kamfanin sayar da taki. Shekara tara yana kujera ɗaya, har kujerar ta san shi. Ana saura kwana uku Babbar Sallah ya ji ƙishin-ƙishin za a ƙara wa mutum ɗaya girma. Bawan Allah bai shawarci kowa ba, ya tafi kara, kasuwar dabbobi, ya sayo rago mai wuya kamar turmi, ya ja igiya ya nufi ofis da hantsi, wai zai miƙa wa manaja a gaban jama'a.

Sun kai gindin wata tsamiya sai ragon ya turje, ya ce, "Malam, ina za mu?"

Iliyasu ya ce, "Wurin maigidana."

Ragon ya ce, "Ni wuƙa wuƙa ce, ko ta wa. Kai nake ji wa. Ba ka ji yadda Jatau masinja ya ƙare ba?"

Iliyasu ya ce, "Yaya ya ƙare?"

Ragon ya gyara tsayuwa ya ce: Wata tsohuwar tunkiya ta ba ni labari a kara. Shi Jatau, a irin wannan mako na ƙarin girma, ya ɗauki atamfa turmi uku a ka, ya ratsa ofis kowa na kallo, ya dire a teburin shugabarsu, Hajiya Turai. Ta dube shi, ta dubi kayan, ta ce, "Jatau, zauna. Ka san labarin Ladiyo da akushinta?"

Ya ce, "A'a, ranki ya daɗe."

Ta ce: A garinmu ba a mayar da kwano wayam. Ladiyo tana taya uwar ɗakinta Yalwa suyar ƙuli-ƙuli. Ranar Sallah ta aika mata da tuwo a akushin da sai mutum biyu suka kama. Yalwa ta rasa abin cika shi, ta juye rabin gyaɗar sana'arta a ciki ta mayar. Shekara ta zagayo, akushi ya ƙara girma. A ta uku, tun ba a ga wata ba Yalwa ta sallame ta, ta ce ita ba ta da ƙarfin riƙe mai aiki mai irin wannan kirki. Kyautar da ta fi ƙarfin tukuici, Jatau, kaya ce.

Sai Hajiya ta jawo takarda ta nuna masa sunansa, ta ce, "Tun makon jiya na rubuta shi. Amma dubi bakin ƙofa, ido nawa ne? In na bar shi yanzu, cewa za a yi atamfa ce ta rubuta." Ta sa biro ta soke. Ta mayar masa da atamfarsa, ta ba shi goron Sallah daidai da na kowa.

Ragon ya ce, "To ka ji. Ruwa daga sama yake zubowa, goron Sallah babba ke ba ƙarami. In maigidanka mai gaskiya ne, ka ɗaure masa hannu. In kuwa maci ne, baɗi bijimin sa zai nema. In ka matsu sai ka yi, bari Sallah ta wuce, takarda ta fito, ku haɗu da abokan aikinka ku je barka da Sallah da soyayyen nama a ɗan kwano. Iyakarta ke nan."

Iliyasu ya dubi igiyar da ke hannunsa. Ya tuno shekara tara, ya tuno bakin mutanen ofis ɗinsu. Ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya. Na fasa." Ya juya igiya.

Ragon ya ce, "Madalla. Amma hanyar kara ai ga ta can."

Iliyasu ya ce, "Gida za mu. Naman da za a zuba a ɗan kwanon fa, daga ina?"

Suka yi tafiya mai ɗan nisa. Can ragon ya ce, "Da na sani da dabino na ce."