Kurkukun da Ya Gina wa Ɗansa

An yi wani mutum a gundumarmu, ya 'yan uwa, ba zan kama sunansa ba. Dattawan cikinku sun san shi. Dillalin motocin noma ne, shi ne kuma shugaban majalisar gunduma. A bencin gaba yake zama a cocin nan, in ana waƙa muryarsa ta danne ta kowa.

A lokacin muna da ɗan asibitin masu taɓin hankali a bayan gidan waya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, gadaje kaɗan ne da ma'aikatan jinya, sai lambar waya da ake kira in ciwon wani ya tashi, su zo su lallaɓa shi. Gwamnatin jiha ke ba da kaso mai tsoka, da sharaɗin gunduma ta sa nata. In majalisa ta ƙi, kuɗin jiha ya koma inda ya fito.

Wata shekara mutumin nan ya ce a daina. Wai mu nan ba mu da mahaukata, sai malalata da 'yan ƙwaya, gara a faɗaɗa kurkuku da kason gunduma.

Ranar zaman majalisa wata mata mai suna Odessa, mai dafa abinci a makarantar firamare, ta miƙe. Ta ce ƙanenta Clifton tun da ya dawo daga yaƙi yake jin muryoyi, allurar asibitin nan ce ke riƙe da shi. Ba ta dasa aya ba shugaban ya buga gudumarsa a tebur.

"Lokacinki ya ƙare, baiwar Allah. Ki kai shi coci mana, ai addu'a kyauta ce."

Wasu suka yi dariya. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, tasa ta raba gardama. Aka rufe asibiti, aka gina sabon sashen kurkuku, aka kafa sunansa da tagulla a saman ƙofa.

To ga abin da ya ɓoye. Ɗansa tilo, Wendell, irin ciwon Clifton gare shi. Duk wata uban yakan kai shi wurin likitan kuɗi a babban birni mai nisan tafiyar yini, ya ce wa mutane kallon ƙwallo za su. Gani yake aljihunsa ya raba ɗansa da ’ya’yan talakawa. Wa ya gaya masa ciwo na jiran a yi tafiyar yini?

Wendell ya daina shan magani ba wanda ya sani. Ranar bikin Godiya, babban hutun nan na shekara, dangi sun zauna cin abinci, an yanka talotalo, sai ya zabura ya fita tsakar gida yana ihu, yana farfasa gilasan motocin baƙi. Uwarsa Arlene ta kira tsohuwar lambar asibitin nan. Na'ura ce ta amsa, ta ce a kira 'yan sanda.

Suka zo. Wendell ya ture ɗaya ya faɗi, suka sa masa ankwa. Uban ya bi su har mota yana roƙo. Ranar ce ya fara faɗa da bakinsa cewa yaron ba shi da lafiya.

Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, asibitin jiha babu gado, layi ake bi. Ina kake so mu kai shi?"

Ya nemi alƙali, aka ce ya tafi farautar barewa, kotu sai Litinin. Ya kira duk wanda ya taɓa yi wa alfarma, kowa na hutu. Aka kulle Wendell shi kaɗai a sabon sashe, babu likita, babu magani. Kafin Litinin aka same shi ba rai. Da uban ya je karɓar gawa, ta ƙarƙashin sunansa ya shiga.

Bayan jana'iza mata suka kai abinci gidan makoki kamar yadda muka saba. Odessa ma ta zo da tata tasar, alhali tun da aka rufe asibiti Clifton a ƙarƙashin gada yake kwana. Ta ajiye, ta dubi uban, babu faɗa a muryarta.

"Na yi wa yaronka addu'a, shugaba. Ita ce kawai ka bar mana."

Arlene ta koma wurin 'yar uwarta, ba ta sake waiwayarsa ba. Ya sauka daga majalisa, shagonsa na motocin noma ya mutu. Yanzu in kun bi ta kurkuku da hantsi za ku ga tsohuwar motarsa a bakin titi, yana ciki yana magana shi kaɗai. Shi ma yana bukatar asibitin nan, amma tayoyi ake sayarwa a ginin.

Ya 'yan uwa, abin nan na ci mini rai. Ba rowa kaɗai ta hallaka shi ba, girman kai ne da munafunci. Ya san zafin ciwon a gidansa, ya yi wa na wasu ba'a, ya kuma fake da sunan Allah. Wanda ya ba mu addu'a ba shi ya ba mu magani ba? Wa ya ɗora mu mu zaɓi ɗan da ya cancanci jinya? Har yau ba a buɗe asibitin ba, kuma cikinku akwai masu ɓoye nasu a ɗaki. In ciwon ya tashi gobe, wa za ku kira?

Allah ya kiyaye mu da taurin zuciya, kada ya bari mu rufe da hannunmu ƙofar da 'ya'yanmu za su ƙwanƙwasa. Amin.