Allunan Gizo da Ƙwan Kurciya

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata shekara Gizo ya ga noma ba nasa ba ne, sai ya naɗa ƙaton rawani, ya zauna a gindin wata tsohuwar aduwa, ya ce ya buɗe makarantar sanin daji. Kura ta shiga, Zomo ya shiga, Bushiya ma ta lallaɓo. A can saman aduwar kuwa akwai Kurciya, tana kwance a kan ƙwanta.

Kun san allo wanke shi ake yi a sake rubutu. To, Gizo ya kafa doka, wai maganar daji ta fi ƙarfin wankewa. Kowace tambaya sai sabon allo, kowane sabon allo kuma sai ɗalibai sun yi wa malam walimar waina. Kun ga inda mugun ya dosa. Allon daga jikin aduwar ake sassaƙo shi, tawadar ma da gawayin rassanta ake dafawa.

Tambayar farko ita ce, shin bishiya tana jin zafi? Kura ta ɗauki gatari ta sare reshen gabas. Aka yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan aka rubuta cewa lalle tana ji.

Kurciya ta leƙo. "Allah gafarta malam, tunda tana jin zafi, me ya sa kuke saranta?"

Gizo ya suɗe yatsa ya ce, "Tambaya mai zurfi, ƙanwata. Za mu duba."

Tambaya ta biyu, inuwa ta bishiya ce ko ta mai zama a ƙarƙashinta? Aka sare reshen yamma. Zomo ya ce ta bishiya ce, Bushiya ta ce ƙarya yake, har suka daina gaisawa. Duk cikinsu babu wanda ya lura inuwar da suke faɗa a kanta ta ragu da rabi. Ni abin nan yana ba ni haushi duk sa'ad da na tuna.

Kurciya ta sauko. "Malam, rana tana dukan ƙwaina. Reshe ɗaya ya rage, kuma a kansa sheƙata take. Ku wanke tsofaffin allunan mana!"

"A wanke ilimi?" in ji Gizo. "Ku ji maganar wadda ba ta yi karatu ba. Amma kwantar da hankalinki, gobe batunki za mu ɗauka."

Washegari Kurciya ta tafi rafi shan ruwa. Gizo ya gyara rawani ya ce, "Tambayar yau, shin tsuntsuwa tana da haƙƙi a kan sheƙarta? A kawo sabon allo."

Kura ta ɗaga kai. "Malam, ai reshen sheƙar ne kaɗai ya saura."

"Da me za mu rubuta haƙƙin nata? Sara!"

Kura ta sara. Reshe ya faɗo, ƙwai ya fashe a ƙasa. Suka matsa gefe don kada ya ɓata musu riguna, suka ci gaba da muhawara.

Da Kurciya ta dawo, sai Gizo ya tare ta da fara'a, bakinsa duk maiƙon waina. "Albishirinki, ƙanwata. Malamai sun yi ittifaƙi, kina da cikakken haƙƙi a kan sheƙarki. Ga shi a rubuce."

Ta dubi allon, ta gane itacen, har da sawun ƙafarta a gefensa. Ta dubi ɓawon ƙwanta a ƙasa.

Ta ce, "Malam, ajiye allonka. Kai da ɗalibanka ku kwanta a kansa, in ya ƙyanƙyashe ku aiko a faɗa mini."

Ta tashi, ba ta waiwayo ba.

Rana ta take, babu ko ganye ɗaya a sama. Suka ɗora allunan a ka suna neman inuwa, ƙasa tana ƙona musu ƙafa. Kura ta juyo ta zuba wa Gizo ido, shi kuwa ya yar da rawani ya ruga cikin gari. Shi ya sa har yau a kusurwar ɗaki kuke ganinsa, yana laɓe a inuwar da ba shi ya yi ta ba.

Ku ji ni da kyau. In kun yi karatu kun iya zance a kan itace da tsuntsu, madalla. Amma kafin ku buɗe baki, ku duba abin da hannunku yake sara.

Ƙurunƙus kan kusu, na ajiye ta a nan.