Makiyayi da Akwatin Kiran Tumaki

Akwai wani makiyayi da yake zaune a gindin wani dutse, shi da matarsa da garken tumakinsa. A cikin kiwo ya girma, a cikinsa kuma ya tsufa. Kowace tunkiya ya san ta da suna, su ma sun san muryarsa. In la'asar ta yi, sai ya hau kan wani falalen dutse ya yi kira sau uku, su kuwa su ƙetaro rafi su zo wurinsa. Amma gwiwoyinsa sun fara ciwo, har hawan falalen nan ya zama masa aiki.

Ran wata kasuwa sai ga wani baƙo mai laushin magana ya tara makiyaya a inuwar rumfa. Ya nuna musu hoto a wayarsa. Hoton wani akwati ne shuɗi kamar sararin sama, yana ajiye a kan ciyawa, fararen tumaki kuma sun kewaye shi.

Ya ce musu, "Wannan akwati shi zai riƙa kira muku tumaki. Mutum yana zaune a inuwa zai taɓa maɓalli, garke ya dawo da kansa. Duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ba a ƙera shi ba tukuna, da karo-karonku za a ƙera. Wanda ya fara bayarwa, shi zai fara samu."

Makiyayin ya daɗe yana kallon hoton. Kafin kasuwa ta watse ya sayar da ragonsa mafi ƙiba, ya miƙa wa baƙon abin da ya samu.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari, sai ta ce, "Maigida, me ke cikin akwatin?"

Ya ce, "An nuna mana hotonsa."

Ta ce, "Na ji. Cikinsa nake tambaya."

Amma shi zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri.

Tun daga ranar, in ya kai garke makiyaya, sai ya jingina da gindin gawo ya lumshe ido. Yakan ga kansa zaune a kan buzu, akwatin yana bisa cinyarsa. Yakan ga wata murya tana fita daga ciki kamar hayaƙin turare, tana bin kwari, tana hawa tudu, tana shafar kunnen kowace tunkiya. Yakan ga tumakin suna gangarowa a hankali kamar gizagizai sun sauko shan ruwa, ƙafafunsu ba sa ko taɓa ƙasa. A cikin wannan mafarki na rana gwiwarsa ba ta ciwo, kura ba ta kuka, ciyawa ba ta bushewa.

Sai ya fara cewa a ransa, "Me zai sa in ci gaba da wahalar da maƙogwarona, ga hutu yana tafe?" Ya daina hawa falalen. In yamma ta yi, sai ya jira tsofaffin tumaki su juyo gida don sabo, sauran su biyo bayansu. Wata rana su dawo da wuri, wata rana a makare, shi dai yana zaune.

Damina ta wuce. Saƙo ya zo daga baƙon cewa saura kaɗan a gama akwatin. Rani ya wuce, wani saƙon ya zo cewa ana gyara launinsa. A cikin wannan jira aka haifi 'yan raguna bakwai a garken, suka yi wayo, suka iya tsalle, ba su taɓa jin ubangidansu ya ɗaga murya ba.

Da wata daminar ta kama, sai ga akwati ya iso. Bai kai na hoton girma ba, amma shuɗi ne, yana sheƙi. Makiyayin ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri.

A ranar ce hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka. Tumaki suna ƙetaren rafi, makiyayin kuwa ya sani in ruwa ya sauka a kan dutse, rafin nan ba ya jiran kowa. Bai tashi ba. Ya yi murmushi, ya taɓa maɓalli.

Wata siririyar murya ta fito, muryar wani mutum da ba a sani ba, tana kira, tana maimaitawa. Tumakin suka ɗaga kai suka saurara. Sa'an nan suka firgita, suka watsu cikin jeji.

Ya sake taɓawa. Muryar ta sake fitowa, suka ƙara nisa.

Sai ya ajiye akwatin a ƙasa, ya hau falalen da rarrafe, ya buɗe baki. Muryarsa ta dushe saboda daɗewa, amma ya yi kira, ya ambace su ɗaya ɗaya. Tsofaffin tumaki suka tsaya cik, suka juyo, suka ƙetare ruwan tun yana iyakar gwiwa. Huɗu daga cikin ƙananan suka bi iyayensu. Uku suka tsaya a wancan gefe suna kallonsa kamar yadda suka kalli akwatin. Kafin su yanke shawara, ruwa ya sauko, ya tafi da su.

Da kasuwa ta kewayo, ya kai akwatin wurin mai gyaran rediyo. Mutumin ya kwance shi, ya leƙa, ya juya masa cikin don ya gani.

Ya ce, "Baba, wannan ai tsohuwar waya ce irin wadda ke aljihunka. Wannan kuma lasifika ce irin ta masu tallan magani a baro. An manne su da gam. Fentin ne kaɗai sabo."

Makiyayin ya koma gida. Matarsa ta kawo masa ruwa. Washegari ya fara hawa falalen safe da yamma, da ciwon gwiwarsa, sai da aka yi girbi kafin 'yan ragunan nan huɗu su san shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: makiyayin nan kowane ɗayanmu ne da Ubangiji ya danƙa wa wani rai, ko uba, ko uwa, ko dattijon ikkilisiya, ko malamar makarantar Lahadi. Akwatin kuwa shi ne duk alkawarin da ake sayar mana tun ba a ƙera shi ba, ko na'ura ce a waya, ko sabuwar koyarwa ce a bakin mai wa'azi. Ba na ce karo-karo laifi ba ne. Da karo-karo muka haƙa rijiyar unguwa, da shi muka rufa wannan ɗakin sujada. Amma mun ga ramin rijiyar da idonmu, mun san wanda ke haƙa ta. In an zo muku da hoto, ku yi tambayar matar nan, ku ce a nuna muku cikinsa. Sau da yawa abin da kuke da shi a aljihu ne aka shafa wa fenti aka dawo muku da shi.

Sai dai ragon da ya sayar ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce shekarar da ya yi shiru yana jiran abin da zai yi masa aikinsa. 'Yan ragunan su ne 'ya'yanmu. Akwai gidaje a cikinmu da yara suka yi wayo ba su taɓa jin mahaifinsu yana addu'a da baki ba, domin yana jiran ranar da zai sami sukuni. 'Yan'uwa, hadari ba ya aiko da saƙo cewa saura kaɗan. Ko muryarka ta dushe, ka yi kira yau, tun ruwa yana iyakar gwiwa.