Tsutsa Mai Gashi da Tsattsewa

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Can arewa mai nisa, inda sanyi ke daskarar da ruwa ya zama dutse, akwai wata Tsutsa mai gashi kamar buzu. Ɗumi ba ya daɗewa a ƙasar. Kafin ta ƙoshi da ganye, sai sanyi ya dawo, sai ta daskare a gindin dutse. Baɗi ta narke, ta ci gaba da ci. Burinta ɗaya, ta girma ta yi fiffike.

Tsattsewa kuwa baƙuwa ce, da ɗumi take zuwa, da sanyi ta koma kudu. Tana son cin Tsutsa, amma gashin zai maƙale mata a wuya.

Sai ta ce, "Ƙanwata, gashin nan ne ya hana ki fiffike. Zo in aske miki, kyauta."

Tsutsa ta dubi bakinta mai tsini, ta ce, "Yaya, ina askarki?"

"Ga ta a fuskata."

"To, bari in ƙoshi. Ki dawo gobe."

Gobe ta yi, Tsattsewa ta zo. Tsutsa ta ce, "Saura ganye ɗaya, Yaya."

Jibi ta sake zuwa. 'Yan'uwanta suna ta wucewa a sama, suna kira, "Ke, taso, iska ta juya!"

Ta ce, "Ku je, ina da aski."

Ta dubi Tsutsa ta ce, "Ke kuwa cikinki rijiya ne?"

Tsutsa ta ce, "Haba Yaya, mai aski ba ya gaggawa. Zauna nan, na kusa."

Sai ta zauna. Sai sanyi ya sauko. Tsutsa ta naɗe, ta daskare kamar yadda ta saba. Tsattsewa ta buɗe fiffike za ta tashi, ya ƙi buɗuwa.

Da ɗumi ya dawo, Tsutsa ta narke, ta yi miƙa. Ta ce, "Yaya, na shirya." Ta waiwaya. Gashin tsuntsu ne kawai a ƙasa.

A shekarar ta saƙa ɗaki ta shige, ta fito asu mai fiffike launin toka, ta tashi.

Wanda ya zauna jiran ɗan gari don ya cuce shi, ya fara tambayar yadda ɗan garin ke kwana da sanyi.

Kurunkus.