Ƙofar Bayan Burgu

Wata Laraba ce, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi. Burgu, sarkin cika baki, yana zaune a bakin raminsa cikin gonar gyaɗar wani mutum mai suna Nomau. Matarsa Gafiya na ciki tana shayar da 'ya'ya. Sai ga tsohuwa Bushiya, wadda ba ta iya ɓoye gaskiya.

Burgu ya ce, "Iya, kin ji yadda na yi da Nomau jiya? Yana ta haƙa ta gaba, na ɓulle ta ƙofar baya. Har na tsaya na kaɗa masa wutsiya!"

"Ka tsaya ya ga inda ka fito?" in ji Bushiya.

"Ya gani mana! Ai wawa ne."

"Kai ne wawa, ɗan nan. Kakan Nomau da sanda yake tono. Ubansa ya zo da fartanya. Duk wanda ya kuɓuce musu ya ƙara musu sani. Mu wayonmu tare da mu ake binne shi, su kuwa 'ya'yansu suke bar wa. Kwashe iyalinka yau."

"In bar gyaɗa? Tsufa ya sa ki tsoro, Iya. Kuma ai 'yan gidan su Nomau ba sa taɓa ramin mai shayarwa."

"Uban ne ba ya taɓawa. Ban sani ba ko ɗan ya gaji wannan."

Da la'asar Burgu na can ƙarshen gona yana cika kumatu, Nomau ya iso. Bai yi haƙa ba. Ya danne ƙofar baya da dutse, ya cusa busasshen kara ta gaba, ya kunna wuta, ya shiga fifita hayaƙi.

Ya ji kukan jarirai daga ciki. Hannunsa ya tsaya. Ya dubi gyaɗarsa da aka ɓarnata, ya ci gaba da fifita.

Burgu yana kallo daga cikin ciyawa, gyaɗa cike da bakinsa. Gafiya da 'ya'yanta ba su fito ba.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne: mai nuna wayonsa don alfahari abokin gabansa yake koya wa. Kuma dabara tana saurin bin jini daga uba zuwa ɗa, amma tausayi in ba a koyar da shi ba, a hanya yake faɗuwa.

Washegari da safe Burgu ya soma haƙa sabon rami mai ƙofa uku. Nomau na zaune a gindin kuka, yana kallonsa.